Littafin da Ya Tsaya a Rabi: Yadda Masu Karatu Suka Koyi Cankar Ƙarshen Labari

A ranar 1 ga Mayu 1841, jaridar Saturday Evening Post ta birnin Filadelfiya a Amurka ta fito da sharhi kan wani littafi da ko rabi bai kai ba. Littafin shi ne Barnaby Rudge na Charles Dickens, wanda ake bugawa kaɗan-kaɗan duk mako a Landan, jiragen ruwa suna tsallakowa da shi. Mai sharhin, Edgar Allan Poe, bai tsaya a yabo ko kushe ba. Sai ya fito fili ya kama sunan wanda ya yi kisan da labarin ya doru a kansa, tun marubucin bai zo wurin tona asirin ba.

Ga yadda ƙullin yake. An tsinci gawar wani mai gida, Reuben Haredale, a ɗakin kwanansa. A daren ne kuma barorinsa biyu suka ɓace, wakilin gidan mai suna Rudge da mai kula da lambu. Bayan watanni aka tsamo wata ruɓaɓɓiyar gawa daga tafki, sanye da tufafin Rudge da agogonsa da zobensa, kowa ya ce ai mai lambu ne ya kashe su duka ya gudu. Poe ya lura da abu biyu. Na farko, ba Dickens ne da bakinsa ya ce gawar ta Rudge ba ce, wani tsoho mai ba da labari a masauki ya sa ya faɗa. Na biyu, ɗan Rudge, wato Barnaby, an haife shi da tabo kamar na jini a wuyan hannu, ga shi da mugun tsoron jini. Daga nan ya yanke cewa Rudge yana raye, shi ya kashe ubangidansa, ya kashe mai lambu ya sanya masa kayansa. Ya kuskure wasu ƙananan bayanai, amma da aka kai ƙarshen labarin a watan Nuwamba, babbar maganarsa ta tabbata.

Abin da ya ba Poe damar wannan bajinta shi ne yadda ake sayar da labari a wancan zamani. A Ingila ta lokacin, sabon littafin ƙagaggen labari yakan fito a mujalladi uku, kuɗinsa sule 31 da sisi, abin da ya fi ladan mako na lebura. A 1836 kamfanin Chapman da Hall ya fara fitar da Pickwick Papers na Dickens wata-wata, ƙaramin kundi mai koren bango, sule ɗaya kacal. Da farko kasuwar ta yi sanyi, amma da wani bara mai zaƙin baki, Sam Weller, ya shigo labarin a kashi na huɗu, ciniki ya buɗe har ya kai wajen kwafi 40,000 a wata. Daga nan tsarin ya zauna: kashi 20 cikin wata 19, kowane kashi shafi 32 da zane biyu, na ƙarshe ninki biyu.

Duk wanda ya taɓa kai ƙarshen littafin Hausa ya ga an ce a tara a kashi na biyu ya san ƙishirwar da wannan tsari yake haifarwa. Sai dai mutanen Dickens sukan shekara ɗaya da rabi a cikinta. Tsakanin kashi da kashi akwai kwana talatin da babu abin yi sai tattaunawa: wa zai auri wa, wane ne uban wannan maraya, me ya sa wance ta razana da ta ga wane. Har waɗanda ba su iya karatu ba suna ciki. John Forster, aminin Dickens kuma marubucin tarihinsa, ya kawo labarin wata tsohuwa mai aikatau da ke haya a wani gida inda, ranar Litinin ta farkon kowane wata, mai gidan kan tara 'yan haya a sha shayi, ya karanta musu sabon kashi na Dombey and Son.

Da yake marubucin yana rubutawa ne ana bugawa, masu karatu sun gane cewa bakinsu yana iya kaiwa ga alƙalaminsa. A ƙarshen 1840, da alamu suka nuna yarinya Nell ta littafin The Old Curiosity Shop ba za ta yi rai ba, wasiƙu suka yi ta zuwa ana roƙon ya bar ta. Bai bar ta ba. Amma a 1843, da cinikin Martin Chuzzlewit ya ja baya, sai ya ɗauki tauraron labarin ya jefa shi Amurka don ya farfaɗo da sha'awar jama'a. A 1849 wata maƙwabciyarsa mai sana'ar gyaran ƙafa da farce, Jane Seymour Hill, ta gane siffarta a jikin Miss Mowcher, gajeruwar matar nan ta cikin David Copperfield da aka shirya za ta zama kawaliya. Ta rubuto masa cikin ɓacin rai, shi kuwa ya juya akalar matar, ta koma mutuniyar kirki da ta taimaka aka kama ɓarawo. A 1861 kuma, abokinsa Edward Bulwer-Lytton ya shawo kansa ya sauya ƙarshen Great Expectations, ya bar ƙofa a buɗe tsakanin taurarin labarin, Pip da Estella, maimakon rabuwar da ya fara rubutawa.

A 1868 wasan ya zama caca ta gaske. Mujallar Dickens, All the Year Round, tana buga The Moonstone na Wilkie Collins mako-mako, labarin wani lu'ulu'u na Indiya da ya ɓace daga ɗakin wata budurwa a daren bikin zagayowar haihuwarta. William Tinsley, wanda kamfaninsa ya buga shi a littafi, ya tuna yadda jama'a ke cincirindo a ƙofar ofishin mujallar a titin Wellington ranar fitowa, wasu har da sa kuɗi a kan inda za a gano dutsen. Amsar tana cikin halin budurwar, Rachel: me ya sa ta daina yi wa masoyinta magana, ta kuma ƙi taimakon ɗan sanda? Domin da idonta ta ga masoyin nata ya ɗauka, shi kuwa bai san ya yi ba, saboda an ɗura masa maganin barci a ɓoye.

Cikin wannan yanayi Dickens ya ƙulla labarinsa na ƙarshe, The Mystery of Edwin Drood. Lafiyarsa ta riga ta taɓu, har ya sa aka rubuta a yarjejeniyar fam 7,500 da ya yi da kamfanin ɗab'i abin da za a mayar musu idan ya mutu bai gama ba. An shirya kashi 12. Na farko ya fito a Afrilun 1870, ya sayar da kwafi wajen 50,000.

Labarin yana faruwa a Cloisterham, wani tsohon gari mai babban coci wanda kowa ya gane Rochester ne, inda Dickens ya yi yarinta a kusa. John Jasper, shugaban mawaƙan cocin, mutum ne mai kamun kai a idon gari, amma shafin farko ya nuna shi kwance a wani ƙazamin ɗaki a Landan yana zuƙar ofiyom. Shi ne kawun Edwin Drood kuma waliyyinsa, ko da yake 'yan shekaru kaɗan ne tsakaninsu, yana kuma nuna masa ƙauna har ta yi yawa. Edwin saurayi ne mai koyon aikin injiniya, yana shirin tafiya Masar. Tun suna yara iyayensu maza suka yi musu alkawarin aure shi da Rosa Bud, iyayen suka rasu suka bar su da wasiyya. Suna shiri kamar wa da ƙanwa, amma auren ya zame musu kaya. Jasper ne ke koya wa Rosa kiɗa, hotonta yana rataye a ɗakinsa, ita kuwa ko kallonta ya yi sai jikinta ya ɗauki rawa.

Sai ga tagwaye marayu daga tsibirin da yanzu ake kira Siri Lanka, Neville da Helena Landless. Neville mai zafin zuciya ne, ya ga Rosa ya kamu, ya kuma tsani yadda Edwin ke ɗaukarta da wasa. Jasper ya haɗa samarin biyu a ɗakinsa, ya ba su abin sha, rigima ta kaure, washegari ya baza a gari cewa baƙon nan ya kusa kisan kai.

Dickens ya shuka alamu a fili, kamar mai son a gani. Wani dare Jasper ya bi Durdles, mai sassaƙa duwatsun kabari, yawo cikin kurmin cocin. Suka wuce tarin wata farar ƙasa mai zafi, Durdles ya gargaɗe shi cewa tana iya cinye ƙashin mutum. Jasper ya miƙa masa kwalba, tsohon ya sha ya ɓingire da barci, cikin magagi ya ji kamar ana taɓa makullinsa. A wani wurin kuma, mai sayar da kayan ado ya gaya wa Edwin cewa kawunsa ya san duk ƙarfen da ke jikinsa a ka: agogo, sarƙar agogo, da fil na riga. Abin da kawun bai sani ba shi ne lauya Grewgious, waliyyin Rosa, ya danƙa wa Edwin zoben marigayiya mahaifiyarta, da sharaɗin ya sa mata idan da gaske yake, in ba haka ba ya dawo da shi. Edwin da Rosa suka zauna suka warware alkawarin cikin mutunci, suka ɓoye wa Jasper don kada ransa ya ɓaci. Zoben ya zauna a aljihun ƙirjin Edwin.

A daren jajibirin Kirsimeti aka yi guguwa mai tsanani. Da gari ya waye babu Edwin. Aka tsinci agogonsa da fil ɗinsa a madatsar kogi, zargi ya faɗa kan Neville. Da Grewgious ya zo ya shaida wa Jasper cewa ai yaran sun fasa aure tun kafin wannan dare, sai Jasper ya kurma ihu ya faɗi sumamme. Bayan wata shida ya tare Rosa a lambun makarantarsu, ya furta mata son da ya daɗe yana ci masa rai, ya yi barazanar kai Neville ga igiya idan ta ƙi shi. Ta gudu Landan. A daidai lokacin wani baƙo mai tulin farin gashi, Dick Datchery, ya sauka a garin, ya kama ɗaki inda yake hangen ƙofar Jasper.

Ranar 8 ga Yuni 1870 Dickens ya wuni yana rubutu a ɗan ɗakin katako da ke lambun gidansa na Gad's Hill. Ya rubuta yadda tsohuwar da ke sayar wa Jasper ofiyom a Landan ta biyo shi har coci, ta laɓe a bayan ginshiƙi tana nuna masa dunƙulallen hannu yana tsakiyar waƙa. Datchery ya gani, ya koma masaukinsa, ya ja layi mai kauri da alli a jikin ƙofar kabad inda yake lissafin abin da ya gano, ya zauna karin kumallo. Da yammacin ranar jini ya buge Dickens a wurin cin abinci, washegari ya cika yana da shekara 58. Kashi uku sun fito, uku kuma suna rubuce ba su fito ba tukuna, sauran shida babu ko tsarinsu a rubuce. Wata uku kafin nan ya aika wa Sarauniya Victoria cewa in tana so zai ba ta labarin gaba kafin kowa. Ba ta nema ba.

Kasuwa ba ta jira ba. Tun a 1870 wani ɗan jarida a Amurka ya fitar da nasa na barkwanci. Henry Morford ya biyo da John Jasper's Secret, wanda daga baya aka riƙa sayarwa da ƙaryar cewa Wilkie Collins da ɗan Dickens ne suka rubuta. A 1873 wani ma'aikacin maɗaba'a a garin Brattleboro na jihar Vermont, Thomas James, ya buga cikon littafin yana iƙirarin ruhun Dickens ne ya yi masa shifta.

Alhali kuwa akwai shaidu. A 1874 Forster ya rubuta abin da Dickens ya faɗa masa: labari ne na kawu da ya kashe ɗan 'yar'uwarsa, ya jefa gawar cikin farar ƙasa, daga baya ya gane kisan bai da amfani tunda auren ya riga ya rushe. Zoben zinariya, wanda farar ƙasa ba ta iya cinsa, shi ne zai tona gawar da mai kisan. Rosa za ta auri Tartar, tsohon hafsan jirgin ruwa, Helena ta auri limamin coci Crisparkle, Neville kuma ya rasa ransa wajen kama mai laifi. Babban abin da Dickens ke taƙama da shi, in ji Forster, shi ne surorin ƙarshe, inda mai kisan zai zauna a ɗakin jiran rataya yana ba da tarihin laifin kamar wani ne dabam ya aikata. A 1905 Luke Fildes, mai zanen littafin, ya bayyana cewa ya taɓa tambayar dalilin da Jasper ya koma ɗaura dogon ƙyallen wuya mai zagaye biyu, Dickens ya ce masa da shi zai shaƙe Edwin. Babban ɗan marubucin, Charley, ya ce mahaifinsa ya tabbatar masa Edwin ya mutu, 'yarsa Kate ma ta goyi bayan Forster a 1906.

Masu karatu da yawa suka ƙi yarda. Shekara talatin Dickens da Collins suna horar da su cewa gawar da ba a gani ba mai ita yana nan tafe, kuma wanda aka fi nuna wa yatsa ba shi ne mai laifi ba. A 1887 Richard Proctor, masanin sararin samaniya, ya fitar da Watched by the Dead, yana cewa Edwin ya tsira, shi ne ya dawo da gashin aro da sunan Datchery don ya sa wa kawunsa ido. Hujjar masu wannan ra'ayi mafi ƙarfi tana bangon littafin, wanda surukin Dickens, Charles Collins, ya zana: a ƙasa ga wani mutum riƙe da fitila ya buɗe ƙofa, ya yi arba da wani saurayi tsaye cikin duhu. Ga kuma takardar da Dickens ya jera sunayen da yake tunanin raɗa wa littafin, wasu suna maganar gudu da ɓuya. A 1905 Cuming Walters ya ce sam, Edwin ya mutu, Datchery kuwa Helena ce, domin labarin ya faɗa cewa tun suna yara takan yanke gashi ta yi shigar maza idan za su gudu daga hannun mugun mijin uwarsu. Wasu suka ce Bazzard ne, akawun Grewgious mai sha'awar wasan kwaikwayo, wanda ya ɓace daga ofis daidai lokacin da baƙon ya bayyana.

Gardamar ta kai ga kotu, ko da yake ta wasa ce. Ranar 7 ga Janairu 1914 ƙungiyar masoya Dickens ta gurfanar da John Jasper a zauren King's Hall da ke Covent Garden a Landan. G. K. Chesterton ne alƙali, George Bernard Shaw ne shugaban masu taya alƙali yanke hukunci. Walters ya tsaya mai gabatar da ƙara, ya kira Helena ta ce ita ce Datchery. Cecil Chesterton, ƙanen alƙalin, ya tsaya wa Jasper, ya kira Bazzard ya ce shi ne, kuma Edwin yana raye. Aka kwashe sa'o'i ana fafatawa har dare ya raba. Shaw ya miƙe ya ce sun same shi da laifin kisa ba da niyya ba, hukuncin da bai gamsar da ko ɓangare ɗaya ba. Alƙali ya rufe zama da cewa ya ɗaure kowa da ke zauren saboda raina kotu, ban da shi kansa.

Daga baya tambayar ta sauya fuska. A 1930 Howard Duffield ya danganta ƙyallen wuyan Jasper da 'yan fashin Indiya masu kisa ta hanyar shaƙewa. Shekara goma bayan haka Edmund Wilson ya karanta Jasper a matsayin mutum biyu a jiki ɗaya, mawaƙin coci da rana, makashi a cikin hayaƙin ofiyom, ya kuma ga inuwar Dickens kansa a ciki, mutumin da duniya ke girmamawa a matsayin uban iyali alhali ya rabu da matarsa yana ɓoye wata alaƙa. Wannan karatu ya fi kusa da abin da Kate ta nanata, cewa hankalin mahaifinta yana kan zuciyar mai laifi fiye da wasan ɓuya. Shi ne kuma ya fi dacewa da abin da ke shafukan. Suman Jasper a gaban lauya ba ya buƙatar gashin aro ko ƙofar sirri kafin a fahimce shi. Mutum ne da ya hallaka yaron da yake ƙauna don ya sami yarinyar da ke tsoronsa, aka zo aka gaya masa cewa da ya yi haƙurin kwana kaɗan da hanya ta buɗe da kanta. Wanda ya bi diddigin wa ke son wa da wa ke tsoron wa ya riga ya riƙe rabin littafin da ba a rubuta ba, kamar yadda tabon hannun ɗa ya kai Poe ga uba.

Duk da haka Datchery ya gagari kowa, domin ko Forster bai ce komai a kansa ba, kuma kowane zamani ya cike gurbin da abin da ya fi so. Fim ɗin Amurka na 1935, wanda Claude Rains ya fito a Jasper, ya ce Neville ne. A fim ɗin BBC na 2012 Bazzard ne, Edwin kuma ya dawo da ransa. Rupert Holmes kuwa, da ya mayar da labarin wasan waƙa a New York a 1985, ya ƙi zaɓa wa kowa. Idan aka zo daidai inda alƙalamin Dickens ya tsaya, sai 'yan wasa su dakata, su juyo ga 'yan kallo a kaɗa ƙuri'a: wane ne Datchery, wa ya yi kisan, waɗanne biyu ne za su ƙare a matsayin masoya. Dole kowane ɗan wasa da ake zargi ya haddace waƙar amsa laifinsa, tunda ba ya sanin daren da za a zaɓe shi. Wasan ya ci kyautar Tony ta gwarzon wasan waƙa a 1986, aka sake dawo da shi dandalin Broadway a 2012, kuma a darare da dama 'yan kallo sukan tsallake Jasper su ɗora kisan a kan Rosa ko tsohuwar mai ofiyom.